Wurin wanka na gilashi a banɗaki: wanne ya fi, kuma sai an fasa tayil?

"Assalamu alaikum Malam. Banɗakin ɗakin mahaifiyata ƙafa takwas ne da ƙafa shida, masai na zama da shawa duk a fili ɗaya. In an yi wanka ruwa yana jiƙa ko'ina har bakin ƙofa, kwanaki ma ta kusa zamewa. Fentin bangon ɗakin ta wajen banɗakin kuma ya fara kumbura yana ɓarewa. Na ga irin akwatin wankan nan na gilashi a Ƙofar Ruwa, mai fitilu da feshin ruwa ta gefe, na kuma ga wanda ake ginawa da tayil a sa gilashi. Wanne ya fi? Za a iya sa shi ba tare da an fasa tayil ɗin ƙasa ba? Gidan ba bene ba ne, ruwanmu na burtsatse ne, tanki yana kan ƙarfe."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kiyaye gaba, kai kuma ya saka maka da alheri. Abu biyu ka tambaya, wane iri za ka saya da kuma ko za a tsira daga fasa tayil. Amma a cikin bayaninka akwai wasu abubuwa biyu da su ne za su yanke hukunci, wato tankin da ke kan ƙarfe da fentin da ke ɓarewa. Tankin ne zai gaya mana irin shawar da ruwanka zai iya turawa. Fentin kuwa yana gaya mana cewa tuni ruwa ya sami hanyar shiga bango, kuma gilashi ko na nawa ne ba zai toshe wannan hanyar ba.

Ƙarfin ruwa kafin komai

Ruwan tanki nauyinsa ne kawai ke turo shi. Kowace mita goma ta tsayi tana ba da kusan bar 1 na ƙarfi (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), kuma ba daga ƙasa ake auna tsayin ba, daga saman ruwan da ke cikin tanki ne zuwa kan shawa. A ce gindin tankinka yana mita huɗu daga ƙasa, kan shawa yana mita biyu. Ratar mita biyu ce, in tanki ya cika ta kai uku ko uku da rabi. Ƙarfinka ke nan bai wuce bar 0.2 zuwa 0.35 ba, kuma yana raguwa yayin da ruwa ke sauka a tanki. Akwatunan nan masu feshi ta gefe an ƙera su ne don gidajen da ruwa ke zuwa da bar 1.5, 2 ko sama da haka. In ka haɗa su da tanki irin naka, ramukan gefen ɗiga kawai za su riƙa yi, babban faifan sama ma ruwa zai taru ya zubo ta gefe ɗaya. Na shiga gidaje da dama na tarar da irin wannan akwati an kashe masa kuɗi masu yawa, mai gida kuma yana shiga ciki da bokitinsa.

Gwajin da za ka yi yau ba ya buƙatar ma'aikaci. Cire kan shawar da ke nan, ka tara bokitin fenti mai lita 20, ka duba agogo. In ya cika cikin minti biyu, kana samun lita goma a minti, wannan ya isa wanka mai daɗi da shawa madaidaiciya. In ya kai minti huɗu ko fiye, ruwan ya yi rauni, sai an gyara hanya. Sau da yawa laifin na bututu ne. Za ka ga an sauko da rabin inci tun daga tanki har banɗaki, ga lanƙwasa barkatai. Abin da ya dace shi ne a sauko da inci ɗaya, a raba da kashi uku cikin huɗu na inci, sai a bakin famfo a koma rabin inci. Wannan kaɗai yakan canja ruwan sosai. Akwai ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa da ake ɗaurawa a kan layi, yana aiki, amma ranar da babu wuta ka koma inda kake, don haka ni nakan tsara banɗaki yadda zai yi amfani ko da injin bai tashi ba. A sa matata a bakin tanki kuma, domin yashin burtsatse shi ne ke toshe ramukan shawa ya cinye cikin famfo.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko shi ne akwatin da ka gani, mai bangonsa da rufinsa da ƙasansa. Na biyu faranti ne na ƙasa, galibi santimita 80 ko 90 kowane gefe, a ɗora masa gilashi a kusurwa, bangon tayil ɗinka ya zama sauran ɓangarorin. Na uku ba a saye shi a kwali, ginawa ake yi. A karkata daɓen wurin zuwa magudana, a shafe shi da maganin hana ruwa, a sa tayil, a tsayar da gilashi.

Akwatin ba zan ba ka shawararsa ba, ko da ruwanka yana da ƙarfi. Ƙofarsa a kan 'yan ƙananan tayoyi take gudu, su ne ke fara lalacewa, kuma da wuya ka sami irinsu daidai in ka koma kasuwa bayan shekara biyu. Ƙasansa roba ce, tana lotsawa in ba a tallafe ta da kyau ba, bokitin ƙarfe in ya faɗo yana iya tsaga ta. Bayansa da ƙarƙashinsa hannu ba ya kaiwa, can datti da kyankyaso ke taruwa, in bututu ya fara yoyo ma ba za ka sani ba sai wari ya tashi. Ga wayar fitilu da fanka a wurin da ake watsa ruwa, a gidajen da yawancinsu ba a yi musu wayar ƙasa, wadda ke kare mutum daga kamun wuta, yadda ya kamata ba. Babban dalilina kuwa shi ne ba da irin wankanmu aka auna shi ba. Mu muna wanka da bokiti da kofi, musamman da hunturu in an dafa ruwa a kicin. Dattijuwa tana son ta zauna a kan kujera, wata rana ma sai jikarta ta shiga ta cuɗa mata baya. Akwati mai faɗin santimita 90, mai zagayayyen gaba, wanda sai an ɗaga ƙafa an tsallaka kafin a shiga, ba zai ɗauki duk wannan ba.

Faranti da gilashi ya fi shi, kuma ana iya sa shi ba tare da fasa mai yawa ba. Amma magudanarsa tana buƙatar wuri a ƙarƙashi, don haka in ba za a haƙa ƙasa ba sai an ɗora shi a kan dakali, tsayin ya kai santimita 15 ko fiye. Ga matashi wannan ba komai ba ne. Ga Hajiya da ke fitowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa, wannan matakin shi ne haɗarin da kake gudu. Na ginin tayil shi ne zaɓina a gidanka, shi ne kuma nake yi wa yawancin mutane. Kowane ɓangarensa ana samunsa a Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei ko kowace kasuwar kayan gini, in wani abu ya lalace shi kaɗai za a canja.

Batun fasa tayil

Gaskiya sai an fasa. Aƙalla wurin wankan, kuma da alamar da ka bayar ta bango, ina ganin daɓen banɗakin gaba ɗaya zai fi. Kafin guduma ta taɓa ko'ina, a gano inda ruwan ke fitowa, domin hanyoyi uku ne. Ko bututun cikin bango ke yoyo, ko ruwan wanka ne ke bi ta tsakanin tayil, ko danshi ne ke tasowa daga ƙasa. A rufe duk famfunan gida da dare, a yi alama a kan ruwan tanki, a duba da safe. In ya sauka, akwai yoyo a wani wuri a kan layi, sai mai aikin famfo ya bi sawu. In bai sauka ba, a daina wanka a banɗakin na wasu kwanaki a ga ko bangon zai fara bushewa. In ya bushe, ruwan wanka ne. In danshin yana nan a gindin bango a ɗakuna da yawa, ya fi tsanani da damina, to daga ƙasa yake tasowa, wannan kuma aikin magini ne daban, gyaran banɗaki ba zai kawar da shi ba.

Mutane da yawa suna ɗauka tayil yana hana ruwa wucewa. Fuskar tayil ɗin tana hanawa, amma layukan da ke tsakaninsu siminti ne, yana shan ruwa, yana kuma tsagewa. Ruwan da ya shiga sai ya kwanta a cikin yashi da simintin da ke ƙarƙashi, ya bi zuwa bulo, bulo kuma ya zuƙe shi ya fitar ta ɗaya gefen. Mai yiwuwa abin da kake gani a fentin Hajiya ke nan. A gidan bene kuwa silin na ƙasa ne ke fara tabo.

Yadda zan tsara wurin

Ƙafa takwas da shida kusan mita 2.4 ne da 1.8. In ƙofar tana gefe ɗaya na tsawon, sai a ware can ƙarshen gaba ɗaya, faɗin mita 1.8, zurfin santimita 90. A tsayar da gilashi guda ɗaya kafaffe mai faɗin santimita 90 zuwa 100 daga bango, ragowar santimita 80 zuwa 90 ta zama mashiga, ba ƙofa. Shawa tana bangon da ke bayan gilashin, ruwa ba ya kaiwa mashiga sai kaɗan. Saura mita ɗaya da rabi ya ishi masai da wurin wanke hannu. Babu taya, babu hinji, babu abin da zai maƙale. Ga wani amfani da Hajiya za ta fi kowa jin daɗinsa, ruwan wanka da na alwala ya rabu da wajen masai, hankali ya kwanta game da tsarki. Ban ga banɗakin da idona ba, don haka inda ƙofa da taga da bututun masai suke zai iya sa a juya tsarin, amma kada wurin wankan ya gaza santimita 90 a kowane gefe.

Bututu ake fara yi. Na ruwan sanyi da na zafi a sa bututun roba na PPR, wanda ake narkar da bakinsa da zafi a haɗa. Farin PVC na gam ba na ruwan zafi ba ne, yana laushi, mahaɗarsa ta saki a cikin bango. A cika layin da ruwa, a toshe bakunan, a bar shi ya kwana kafin a rufe da filasta. Ka ɗauki hoton bangon da wayarka tun bututu yana fili, da awo a jikinsa. Ranar da mai gilashi ya zo da injin huda, wannan hoton ne zai hana shi huda maka bututu. Famfon haɗa zafi da sanyi a kusan mita ɗaya da santimita goma, zafi a hagu, sanyi a dama, kan shawa a mita biyu ko sama kaɗan. Kada a manta da famfon ƙasa, a tsayin santimita 50 zuwa 60, yadda bokiti zai shiga ƙarƙashinsa, a cika buta, a wanke ƙafa ba tare da an sunkuya sosai ba. Shi za a fi amfani da shi a banɗakin nan. A ƙara shawar hannu mai tiyo, domin tana aiki ko ruwa ba ƙarfi, mai zaune kuma yana iya sarrafa ta.

Bututun fitar ruwa ya zama inci biyu, da gangara kamar santimita biyu a kowace mita. Magudanar kuma lallai ta kasance mai tarko, wato mai riƙe ɗan ruwa a cikinta kullum. Wannan ruwan ne ke tare wari da kyankyaso daga sokawe. Magudanar araha da ake sayarwa, murfi ne kawai mai ramuka a kan bututu, ita ce sanadin warin banɗakuna da yawa da ake ɗora wa masai laifi. A zaɓi wadda ake iya ciro kwandonta a cire gashi.

Sai daɓe. Wurin wankan ya yi ƙasa da sauran banɗakin da kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ba tudu a bakinsa, sannan ya karkata zuwa magudana da santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita. Ƙasa da haka ruwa ya kwanta, sama da haka sosai ƙafa ta riƙa zamewa. A nan girman tayil yake da muhimmanci. In magudanar ƙarama ce a tsakiya ko a kusurwa, daɓen yana gangarowa daga ɓangarori da yawa, sai ƙananan tayil, santimita 30 da 30 ko ƙasa da haka. In kana son manya masu 60 da 60, to a sa doguwar magudana a jikin bango, daɓen ya gangara ta fuska ɗaya.

Wurin da ake yawan ha'inci shi ne maganin hana ruwa, domin da an rufe da tayil ba mai sake ganinsa. Garin da ake zubawa a cikin kwaɓin siminti yana taimakawa, amma bai isa ba. Abin da ake so shi ne na shafawa, mai zuwa da gari da ruwansa a haɗa, irin na Sika ko Dr. Fixit da makamantansu. A shafa sau biyu, shafa ta biyu ta gitta ta farko bayan ta farkon ta sha iska. A bango ya hau har mita 1.8 a wurin wanka, a sauran banɗakin ya hau kamar santimita 20 zuwa 30. Inda bango ya haɗu da ƙasa, da kewayen magudana, da inda bututu ya ratso bango, a nan ake samun tsaga, a liƙa musu ƙyallen raga a cikin shafar. In ya bushe, a toshe magudana, a tara ruwa kamar santimita uku zuwa biyar, a yi alama, a bar shi awa 24. In ya sauka fiye da ɗan abin da iska za ta sha, ko bangon ɗaki ya nuna danshi, a sake. Ma'aikaci zai ce maka ɓata lokaci ne. Ka tsaya kai da fata, kada a ɗora tayil ko ɗaya kafin wannan gwajin.

Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi, mai ƙyalli na bango ne. In kwalin yana da lambar R10 ko R11, wato lambar da ke nuna yadda tayil ke hana santsi, madalla. In babu, ka zuba ruwa a kansa a shagon, ka goga tafin hannunka ka ji. A ɗora shi da gam ɗin tayil, a cike bayansa gaba ɗaya. Ɗora shi a kan dunƙulen siminti huɗu ko biyar yana barin rami a ƙarƙashi, ruwa ya taru a ciki. Ka ƙwanƙwasa kowanne da makulli washegari, wanda ya yi ƙarar fanko a ɗaga shi. A bar ratar milimita biyu zuwa uku a cike da garin cike layi na gaske, ba farin siminti zalla ba, kusurwoyi kuma silikon ake sa musu.

Gilashi shi ne na ƙarshe

Ba a auna gilashi sai an gama tayil, domin bangonmu ba kasafai yake miƙewa sak ba. Lallai ya zama gasasshen gilashi, wanda in ya fashe yake rugujewa ƙanana-ƙanana maimakon ya zama wuƙaƙe, kauri milimita 8 ko 10. Hanyar gane shi mai sauƙi ce, ba ya yankuwa kuma ba ya huduwa bayan an gasa shi. Ana yanka shi daidai awo ne tun farko, sannan a kai shi gashi, galibi kuma za ka ga ɗan tambari a kusurwarsa. Duk wanda ya ce zai zo da babban falle ya yanka maka a tsakar gida, gilashin taga zai sa maka, kada ka yarda ko kyauta ne. Maƙalansa su zama na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304, da sanda a sama da ta riƙe shi da bango. A sa silikon mai maganin baƙin danshi, a bar shi kwana guda kafin ruwa ya taɓa shi. Ga Hajiya zan zaɓi mai dishi-dishi, ya fi sutura, ido kuma yana ganinsa, ba za ta yi karo da shi ba.

In kuɗi suka yi kaɗan, a nan za a rage. Sandar labule da labulen roba za su tare ruwa har lokacin da Allah ya hore na gilashi. Ko a ja siririn bango na bulo a lulluɓe shi da tayil. Abin da ke ƙarƙashin tayil kuwa ba a dawowa gare shi sai da guduma.

Abin da Hajiya ke buƙata, da batun hita

A sa ƙarfen riƙewa a bango, tsayin santimita 80 zuwa 90, ɗaya a mashiga ɗaya kusa da wurin zama. Tun ana aikin bango a cike ramukan bulon wurin da kankare, domin ƙusa a bulo mai rami ba za ta ɗauki nauyin mutum ba ranar da ya faɗa mata da ƙarfi. Ƙarfen rataye tawul ba ya maye gurbinsa. Wurin zama a gina shi da bulo, tsayin kamar santimita 45, samansa ya ɗan karkata don ruwa ya zube, shi ma a shafe shi da maganin hana ruwa. Ƙofar banɗakin in da hali ta buɗe waje, domin in mutum ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba.

Hita kuwa, mai tara ruwa ta lita 15 ko 30 ta fi dacewa da wutarmu, tana cin kamar wat 1,500, tana kuma riƙe zafi bayan an ɗauke wuta. Mai dumama ruwa nan take tana cin ninkin haka ko fiye, kuma wasu ba sa tashi in ruwa ba ƙarfi. Kada a toshe ɗan bawul ɗin da ke jikinta don yana ɗiga, aikinsa ke nan. Haɗa wutar ba aikina ba ne, ka nemi ƙwararren mai lantarki, amma ka tabbatar da abu uku da idonka. Akwai wayar ƙasa ta gaske, akwai na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta kama mutum, mai lamba 30mA, a kan layin, makunnin kuma yana wajen banɗaki. A rage zafin hitar, fatar tsofaffi ba ta jure ƙuna. Da bazara ma, a Afrilu da Mayu, ruwan tankin da ke rana yana iya ƙona mutum da tsakar rana ba tare da hita ba, don haka rumfa a kan tanki da rufe bututun da ke fili suna cikin aikin.

Wajen biyan ma'aikata, ka raba kuɗin gida uku. Kashi na farko bayan bututu ya kwana da ruwa bai yi yoyo ba, na biyu bayan gwajin awa 24, na uku bayan an gama tayil ka juye bokiti cike a ƙasa ka ga ruwan ya tafi magudana da kansa ba tare da tsintsiya ba. Saboda jiran bushewa tsakanin matakai, ka lissafa mako ɗaya zuwa kwana goma kafin a fara wanka a ciki, gilashin kuma zai ƙara wasu kwanaki a wurin gashi. Ka shirya wa Hajiya wani banɗakin na wannan lokacin, ka shimfiɗa mata tabarmar roba mai kama ƙasa a can tun daga yau.